Tambayoyi da Amsoshi kan Ziyarar Andalus, daga Ƙurɗuba zuwa Bakin Teku

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji sunan Andalus tun kafin ya san inda take a taswira. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin mai niyyar zuwa kudancin Sifaniya ya ga tsofaffin biranenta da gine-ginenta da gaɓar tekunta da idonsa, kuma ya fahimci abin da yake kallo.

Ina ne Andalus, kuma mene ne haɗinta da Sifaniya ta yau?

A littattafan tarihi, Andalus suna ne na duk yankin da Musulmi suka mulka a ƙasashen da a yau ake kira Sifaniya da Fotugal, tun daga shekarar 711 da Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetaro da rundunarsa daga Maroko, har zuwa ranar 2 ga Janairun 1492 da sarkin Garnaɗa na ƙarshe ya miƙa birninsa ga Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. A cikin wannan tsawon lokaci na kusan shekara 800, iyakar ƙasar ta yi ta faɗi tana tsukewa. A yau kuwa, Andalusiya yanki ne guda mai larduna 8 a kudancin Sifaniya, wanda babban birninsa Ishbiliya, kuma a nan ne mafi yawan manyan gine-ginen wancan zamani suka saura. A jikin tikiti da allunan tasha, matafiyi zai ga an rubuta Córdoba a maimakon Ƙurɗuba, Granada a maimakon Garnaɗa, Sevilla a maimakon Ishbiliya.

Wace alaƙa ce ke tsakanin wannan yanki da ƙasar Hausa?

Alaƙar ta ilimi ce, kuma tana nan da ranta a makarantun soro. Mutanen Andalus mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma ruwayar Muwaɗɗa da ta fi shahara ita ce ta Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya rayu ya rasu a Ƙurɗuba. Mai tafsirin nan, Ƙurɗubi, sunan garinsu ne ya bi shi. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, garin da ake kira Jaén a yau, wanda gonakin zaitun suka kewaye shi. Alfazazi, mai Ishiriniya da ake rerawa a majalisun yabon Annabi, an haife shi a Ƙurɗuba, ya rasu a Maroko a 1230. Alƙali Iyal mai Ashafa ɗan Sabta ne, wani gari a gaɓar arewacin Afirka, amma ya riƙe alƙalanci a Garnaɗa. Akwai kuma Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu, kuma ana danganta masa wasu gine-gine a can. Saboda haka almajirin da ya shiga lungunan Ƙurɗuba ya zo garin mutanen da ya daɗe yana karanta littattafansu.

Wace biza ake nema, kuma me ake buƙata?

Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, saboda haka bizar ziyara ta Shengen ake nema, wadda take ba da izinin zama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ƙa'idar ita ce a nema daga ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Ana iya miƙa takardu tun ana saura wata 6 tafiya, kuma bai kamata a bari ya rage ƙasa da kwana 15 ba. Daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi ko an hana bizar. Ana buƙatar fasfo mai sauran wa'adi na aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki, da takardar wurin aiki ko kasuwanci da ke nuna mutum yana da abin da zai dawo dominsa. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada a miƙa takardar da ba ta gaskiya ba, ko da wani ɗan kamasho ya ce haka kowa ke yi, domin idan aka gano, ƙin da za a yi wa mutum yana shiga rumbun bayanai da dukkan ƙasashen Shengen ke gani.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiyar?

Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. Kada mutum ya ce shi ɗan ƙasar zafi ne ya raina ranar Yuli da Agusta a Ƙurɗuba da Ishbiliya, domin zafi yakan haura maki 40, kuma a watan Agustan 2021 an auna maki 47.6 a wani gari na lardin Ƙurɗuba. Abin da ya sa zafin can yake gajiyarwa shi ne ziyarar duk a ƙafa ake yin ta, a kan daɓen duwatsu. A lura kuma cewa makon bikin Ista da bikin Afrilu na Ishbiliya suna cika gari da jama'a, farashin masauki ya yi tashin gwauron zabo. Ƙurɗuba kuwa a farkon Mayu take bikin tsakar gida, inda masu gidaje ke buɗe ƙofofinsu ga baƙi su shiga su ga furannin da suka jera a bango, kuma wannan biki ya cancanci a daidaita tafiya da shi.

Kwana nawa suka isa, kuma ta yaya ake zagayawa?

Mako guda ya isa a ga Ƙurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya ba tare da gaggawa ba, kwana 10 kuma zai ba da damar ƙara bakin teku. Jirgin ƙasa mai gudu ya haɗa Madrid da Ishbiliya tun 1992, tafiyar kamar awa biyu da rabi, kuma yana tsayawa a Ƙurɗuba. Tsakanin Ƙurɗuba da Ishbiliya kamar minti 45 ne, zuwa Malaga kuma kamar awa guda. Garuruwan gaɓar teku da na kan duwatsu bas ce ta fi kai wa gare su. Hayar mota ba ta da amfani a cikin tsofaffin unguwanni, domin lungunansu an yi su ne tun zamanin jaki da doki. A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a zo Ƙurɗuba da hantsi a bar ta da la'asar. Garin yana buƙatar a kwana a cikinsa aƙalla dare biyu, domin sai ayarin masu yawon buɗe ido sun watse ne ake jin daɗin tafiya a kan gadar Rumawa da cikin tsohuwar unguwa.

Me ya sa masallacin Ƙurɗuba ya shahara haka?

Abdurrahman na Ɗaya, ɗan gidan Umayya da ya tsira daga Sham ya kafa mulki a Andalus, shi ne ya fara ginin wajen shekarar 785. Magadansa suka yi ta faɗaɗa shi: Abdurrahman na Biyu, sannan Halifa Alhakam na Biyu bayan 961, daga ƙarshe waziri Almansur wajen 987, wanda ya ƙara faɗinsa ta gabas saboda kogi ya tare kudu. Ana shiga ne ta wani fili mai itatuwan lemo, inda a da ake alwala. Daga nan sai mutum ya faɗa cikin duhu mai sanyi, ya ga ginshiƙai sama da 850 sun jeru ta kowace fuska.

Hikimar maginan tana cikin abin da ke saman ginshiƙan. Da yawa daga cikinsu an ciro su ne daga rusassun gine-ginen Rumawa, kuma gajeru ne, da an ɗora rufi kai tsaye a kansu da ɗakin ya danne mutane. Sai maginan suka ɗora baka biyu, ɗaya bisa ɗaya: na ƙasa mai siffar kofaton doki yana riƙe ginshiƙan kada su karkace, na sama kuma yana ɗauke da rufin. Kowane baka an jera shi da jan bulo da farin dutse, ɗaya bayan ɗaya, wannan ne ya ba ginin ratsin ja da fari da ake gani a hotuna. Wurin da ya kamata a fi daɗewa shi ne gaban mihrabin Alhakam. Ba ɗan loko ba ne a jikin bango kamar yadda aka saba, ƙaramin ɗaki ne sukutum, kuma fuskarsa an lulluɓe ta da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launin zinariya da shuɗi da kore, aikin da aka ɗauko gwani daga daular Rumawa ta Ƙusɗanɗiniya ya jagoranta. Mai iya karatun rubutun Kufi zai iya bin ayoyin da ke kewaye da bakan, har da sunan halifan da ya sa aka yi aikin. Mai lura zai gane kuma cewa mihrabin ya fi karkata zuwa kudu, saɓanin masallatan Sifaniya na yanzu da suka fi karkata zuwa gabas.

Ana iya yin salla a cikinsa?

Ba a yarda ba. Tun da Sarki Fadinan na Uku ya ci garin a 1236 aka mayar da ginin coci, kuma daga 1523 aka fara gina babbar majami'a a tsakiyarsa, wadda rufinta ya zarce na masallacin. Har yau hukumar cocin Katolika ce ke riƙe da shi, ana ibada a ciki, kuma masu gadi suna hana duk wanda ya tayar da salla. Musulmi da yawa sukan ji nauyi a zuciya a wannan wuri, kuma babu laifi a ji hakan, amma bin dokar masu wuri shi ne mutunci. Gaskiya ce kuma cewa amfani da ginin da aka ci gaba da yi yana cikin dalilan da suka sa bai rushe ba, alhali babban masallacin Ishbiliya an rushe shi. Akwai ƙananan masallatai a Ƙurɗuba da Ishbiliya da Malaga, sannan akwai babban masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, daura da Alhamra, fadar sarakunan Garnaɗa. A tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, don haka a nemi jadawalin salla na garin.

Madinatuz Zahra ta cancanci a je?

Ƙwarai kuwa, ga mai rabin yini. Birnin sarauta ne da Abdurrahman na Uku ya gina kamar kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, bayan ya ayyana kansa halifa a 929. Bai kai shekara 80 ba aka wawashe shi wajen 1010, a yaƙin basasar da ya wargaza halifancin, kuma Musulmi ne da kansu suka yi wannan ɓarna. Kufai ne a yanzu, kuma a 2018 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ta yaya ake samun shiga Alhamra, kuma me za a duba?

Wannan ne wuri guda da rashin shiri zai iya ɓata tafiya gaba ɗaya. Tikitin yakan ƙare tun ana saura makonni, saboda haka a saya ta intanet daga shafin hukumar fadar da zarar an samu biza. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, ana duba fasfo a ƙofa, kuma an rubuta lokacin shiga fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, wanda duk ya makara ya rasa damarsa.

Muhammad ɗan Ahmar ne ya kafa fadar bisa tudu daga 1238, kuma abin da ya fara yi shi ne jawo ruwa daga kogin Daro ta magudanar da ta taso daga nisan kilomita kusan 6. Duk kyan Alhamra a kan wannan ruwa ya dogara, domin shi ne ke gudana a lambunan Jannatul Arif, shi ne ke kwance a dogon tafkin fadar Kumarish yana nuna hoton hasumiya, shi ne kuma ke fitowa daga bakin zakuna 12 na dutse a tsakar fadar da Muhammad na Biyar ya gina, wadda ginshiƙai 124 suka kewaye. A babban ɗakin karɓar jakadu na Yusuf na Ɗaya, a ɗaga kai a dubi rufin: katako ne guntu-guntu kimanin 8,000 aka harhaɗa don su nuna sammai bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta Suratul Mulk. Bangwayen cike suke da rubutu. Kalmar da ta fi yawan maimaituwa ita ce taken gidan sarautar, wato babu mai rinjaye sai Allah, sannan akwai baitocin mawaƙin fada Ibn Zamrak, har a gefen kwanon ruwan zakunan. Yawancin baƙi ado kawai suke gani a nan, amma wanda ya yi karatun allo yana da damar da ba su da ita, domin zai iya tsayawa ya karanta. Da yamma a hau unguwar Albaisin a kalli fadar daga nesa, da tsaunukan Siyera Nebada a bayanta, waɗanda ƙanƙara ke rufe kansu har cikin watan Mayu.

Me Ishbiliya ke da shi?

Alamarta ita ce hasumiyar Hiralda, wadda Muwahhidai, masu daular da ta taso daga Maroko, suka gina tsakanin 1184 da 1198 a matsayin hasumiyar babban masallaci, 'yar uwar ta Kutubiyya a Marakish da ta Hassan a Rabat. Ba matakala ake bi a hau ta ba, gangare ne mai faɗi da ke zagayawa a ciki, shi ya sa hawanta bai cika wahalar da dattawa ba. Ɗakin ƙararrawa da ke samanta an ƙara shi ne a ƙarni na 16. A gindinta akwai babbar majami'ar da aka gina a gurbin masallacin, inda kabarin Kolumbus yake. Kusa da nan akwai fadar Alkasar, wadda take rikitar da baƙi: mutum zai rantse ginin sarkin Musulmi ne, alhali Sarki Fedro na Kastila ne ya sa aka gina ɓangarenta mafi shahara a 1364, fiye da shekara 100 bayan an ci garin a 1248, da hannun magina Musulmi, ciki har da waɗanda aka aiko masa daga Garnaɗa. A fuskar ƙofarta, taken Banu Nasr da Larabci yana tare da rubutun yabon sarkin Kirista da harshen Sifaniyanci.

Ina Musulmin Andalus suka tafi?

Yarjejeniyar miƙa Garnaɗa ta yi musu alkawarin riƙe addininsu, amma ba a cika ba. A 1492 aka kori Yahudawa, daga 1499 aka fara tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu, kimanin mutum 300,000, mafi yawansu suka nufi Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Musulmin da ke Andalusiya a yau galibi 'yan asalin Maroko ne da wasu ƙasashen Afirka, da kuma Sifaniyawan da suka musulunta.

Wane ɓangare na gaɓar teku ya fi dacewa?

Gaɓar iri biyu ce. Ta Bahar Rum, daga Almeriya zuwa Malaga da Marbeya, ruwanta ya fi kwanciya, amma dogayen otal-otal sun cinye yawancin yammacinta, kuma mai neman tarihi ba zai samu abin kirki a can ba. Malaga kanta dabam ce: tana da ganuwar Alƙasaba ta ƙarni na 11, da dandalin wasan Rumawa a gindinta, da gidan da aka haifi mai zane Pikaso a 1881. Almeriya ma tana da ƙasaitacciyar Alƙasaba da Abdurrahman na Uku ya kafa a 955. Gaɓar Atlantika kuwa, daga Tarifa zuwa Kadis, ta fi faɗin rairayi da ƙarancin gine-gine, sai dai iska tana da ƙarfi kuma ruwan ya fi sanyi. Kadis, wadda Finisiyawa suka kafa kusan shekara 3,000 da suka wuce, teku ya kusa kewaye ta, kuma ita zan fi ba mai kwana biyu shawara. A kula da tutar bakin ruwa: kore izini ne, rawaya gargaɗi, ja kuma hani. Mai tafiya da iyali ya san cewa shigar mutane a bakin ruwa ta sha bamban da tamu nesa ba kusa ba, kuma da sassafe ne wurin ya fi zama babu jama'a.

Fararen garuruwan kan duwatsu fa?

Ronda ce ta fi suna, saboda gadar da aka kammala a 1793 bisa wani kwazazzabo mai zurfin kimanin mita 100, da kuma gidan wankan zamanin Musulmi da ke gindin garin. A waɗannan garuruwa, kamar a tsohuwar Ƙurɗuba, tsarin gida zai yi wa Bahaushe kama da na gida: bango rufe ta waje, ɗan zaure a ƙofa, sannan tsakar gida inda rayuwar iyali take.

Yaya batun abincin halal?

Naman alade yana ko'ina, ana rataye cinyoyinsa a shaguna, kuma yakan shiga abinci ba tare da an ambata ba. Miyar tumatir mai sanyi ta Ƙurɗuba da ake kira salmorejo akan barbaɗa mata shi a sama, wasu kayan zaƙi kuma da kitsensa ake yin su. Kalmomin da za a riƙe su ne cerdo (alade) da jamón (naman cinyarsa) da manteca (kitsensa), kuma a ce wa mai kawo abinci “sin cerdo”, wato ban da alade. Kifi ne mafita mafi sauƙi: soyayyen kifi a Kadis, da sadin da ake tsirewa a gasa a kan garwashi a bakin ruwan Malaga. A Garnaɗa akwai gidajen shayi da na abincin Maroko a gindin Albaisin. Abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare kuma sai wajen tara.

Akwai matsalar tsaro?

Babbar matsalar ita ce 'yan sane a wuraren cunkoso, don haka a riƙe jaka ta gaba, a ajiye hoton fasfo dabam. Kusa da manyan majami'u akwai masu miƙa wa baƙo reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta, da ya karɓa sai su nemi kuɗi, abin da ya fi shi ne a gode a wuce. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Ana iya ƙetarawa Maroko daga can?

Ana iyawa. Daga Tarifa, inda mashigin ruwan bai wuce kilomita 14 ba a wurin da ya fi tsukewa, ana hango duwatsun Maroko da ido, kuma jirgin ruwa yana kai mutum Tanja cikin kamar awa guda. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, a cika ƙa'idar shiga Maroko gwargwadon fasfon da mutum ke riƙe da shi, domin bizar Shengen ba ta maye gurbin izinin Maroko. Na biyu, a duba jikin bizar a tabbatar tana ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Wanda ke da bizar shiga sau ɗaya, da zarar ya hau jirgin Tanja bizarsa ta ƙare, ba zai iya komowa Sifaniya ba ko da kayansa suna otal kuma jirgin da zai mai da shi gida daga Malaga zai tashi. Mai irin wannan biza, idan yana son ganin Tanja da Fas, ya sa Maroko a ƙarshen tafiyarsa, ya yanki tikitin komawa gida daga Kasablanka.